Rake Mai Magani

Duk mai sayar da rake ya san in aka kwance dami sai wani abu ya fito a guje. Ranar da na kwance damin Ziblim ko kiyashi ɗaya ban gani ba, kuma murna na yi. Da na san abin da shirun nan yake ɗauke da shi, da ko gaɓa ɗaya ba ta shiga gidana ba.

Sunana Zuberu. Ina da teburin rake a unguwar Mamobi, maƙwabciyar Nima, daf da inda motocin haya suke juyawa, tun kafin shekarar yunwa. Kakana goro ne ya kawo shi ƙasar nan daga Kano, ubana ya yi dako a kasuwar Makola, ni kuma na tsaya a kan rake. Karatuna bai yi nisa ba. Na yi allo, na yi 'yan shekaru a boko, daidai in iya karanta abin da ke jikin gwangwani. Sana'ar ma ba ta bukatar fiye da haka: ka kankare, ka yanka, ka yayyafa ruwa, ka kori ƙwari. Korar ƙwarin ce ma rabin aikin. Kowace ƙafa ta teburina a cikin gwangwanin madara take tsaye, da ruwa a ciki, don kada kiyashi su hau. Ƙudan zuma kuwa mun saba da juna. Su sauka a bakin yanka, in ɗaga wuƙa su matsa, in sauke su dawo.

Ziblim ɗan ƙabilar Dagomba ne, yana noman rake a wata fadama a bakin kogi, gaba da garin Nsawam. Mun daɗe tare. Bayan fari da gobarar daji na shekarar yunwa, tsutsa ta addabi gonarsa. Sai ka ga sanda kyakkyawa a waje, ka tsaga ka tarar an yi rami a ciki, tsokar ta yi ja tana tsami. Masu saye su tofar a gabana, su yi mini kallon macuci. Da shekara ta zagayo, ran nan na je Kasuwar Malam Atta ɗaukar kayana, sai na tarar Ziblim da kansa ya biyo motar, yana ta washe baki.

"Aboki," ya ce da Hausarsa ta zango, "wannan karo ba tsutsa. Wannan rake akwai magani."

Na gane abin da yake nufi: ya fesa maganin ƙwari. Na kwance dami ɗaya nan take. Da can in ka saki igiya sai ka ja da baya, don cinnaka ne za su watso, da kyankyaso, da gizo-gizo, wani lokaci har shanshani. Wannan kuwa tsaf, kamar an wanke an goge. Na tsaga sanda ɗaya, fara sol tun daga gindi har kai. Na yi wa Ziblim godiya, na ja shi rumfar mai ƙosai muka karya.

A lokacin 'yata ta dawo gida goyon ciki. 'Yar fari ce. A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zama a tabarmar da yake zaune, ba ya tambayar lafiyarsa da bakinsa. Yaran Nima na yanzu dariya suke yi wa wannan, amma haka na ga ubana yana yi wa yayana, kuma ban san wata hanya ba. Sunanta Lailatu. Tun ranar suna da liman ya faɗa, bakina bai taɓa maimaitawa ba. In zan yi maganarta da uwarta sai in ce "yarinyar nan".

Ba ta ma kai watan da ake dawowa ba aka kawo ta. Mijinta Mas'udu direban babbar mota ne, yau Kumasi gobe Tamale, ita kuma cikin ya zo mata da amai. Tuwo ba ya zama, shinkafa ba ta zama, ko warin miya ta ji sai ta tashi da gudu. Da asuba ina jin ta bayan rumfar girki, ni kuma ina tsaye da buta ban san inda zan sa kaina ba. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Tambaya ba dama. Abin da nake iyawa shi ne in na dawo in kalli fuskar matata Amama, in karanta yadda aka yini.

Yammar da na karɓo raken Ziblim na zaɓi sanduna mafi kauri na kai gida. Ban kankare ba, don kankararren rake in ya kwana bushewa yake yi. Na jingina su jikin duron ruwa, na ce wa Amama, idona a wani wuri, "Na Ziblim ne. Wannan mai magani ne. A ba yarinyar nan."

Abin da na faɗa ke nan, ba ragi ba ƙari. Nufina ba tsutsa a ciki, ba abin da zai tayar mata da zuciya. Ban tuna ba cewa mahaifin Ziblim sananne ne wajen sassaƙe da saiwoyi, kuma shekarun baya Ziblim ya taɓa kawo wa Amama wani jiƙo da ya raba ta da ciwon baya.

Ruwan raken kuwa ya zauna a cikin yarinyar. Amai ya ja baya. Ba a daɗe ba na fara jin dariyarta a tsakar gida, tana tsokanar matan gidan hayarmu, wannan da Hausa, waccan da yaren Twi. Kullum da yamma in jingina sanduna jikin duro, kullum da safe in ga sun ragu. Ban taɓa ganin yadda take sha ba, don inda take zama ba ta nan nake bi ba.

Kasuwa ma ta buɗe mini. Mata suka yi yawa a teburina, tsofaffi da masu ciki, kuma yawancinsu sanda guda suke ɗauka, ba yankakke ba. Ni dai na ce kyawun kaya ne. Gajere mai shayi, wanda teburinsa ke jingine da nawa, ya sa ni gaba.

"Mai rake, wane malami ka samu? Mata sun yi maka layi kamar ana rabon sukari da sabulu a kanti."

"Kaya ne mai kyau, Gajere. Kai ma da za ka daina mayar da ganyen jiya a tukunya, da ka ga layi."

"Ji sharri! Ganyen shekaranjiya ne, ba na jiya ba. Ka riƙa bincike kafin ka ɓata wa mutum suna."

Shi ne kuma ya fara lura. Wani hantsi ya sunkuya ɗauko cokalinsa da ya faɗi, sai ya daɗe bai ɗago ba.

"Zuberu, ma'aikatanka yajin aiki suke yi?"

"Waɗanne ma'aikata?"

"Masu share maka ƙarƙashin tebur. Zo ka gani."

A ƙarƙashin tebur nake tara ɓawon da na kankare. Da, kafin azahar tarin ya yi baƙi da tururuwa da kiyashi, suna ja suna kaiwa rami. Yanzu ma sun zo, amma ba su koma ba. Sun zagaye tarin a mace, kamar an watsa ganyen shayi. A gefe ga ƙudan zuma a rigingine, ɗaya yana ta juyi a wuri guda yana ƙara, ya kasa tashi. Sai a lokacin na tuna kwana biyu ban ɗaga wa ƙudan zuma wuƙa ba.

Na dai lallashi kaina. Maganin a ɓawo yake, ni kuma kankarewa nake yi. Na ƙara zurfin wuƙa, na riƙa ɗauraye kowace sanda kafin in yanka. Waɗanda suke tafiya da sanda guda, na ce ai kowa da wuƙa a gidansa. Amama ma na ɗauka haka take yi, don wace uwa ce za ta miƙa wa mai ciki rake da dauɗar gona?

Ana nan sai ga Adisa mai shinkafa da wake. Ƙawar Amama ce, kuma abin da ya shiga kunnenta da safe ya gama Nima kafin la'asar. Ta zaɓi sanda, na ɗauki wuƙa, sai ta dafe sandar.

"A'a, Baba Zuberu, kar ka kankare. Na matar ɗana ne, ita ma ciki gare ta."

"Ta sha da dauɗa?"

"To ba a ɓawon maganin yake ba? In ka kankare me ya rage? Amama ta ce ko wankewa ba a yi, sai dai a goge da zani."

"Maganin me, Adisa?"

"Kai da kayanka kake tambayata? Maganin amai mana, da ƙarfin ciki. Ba ga 'yarka nan ta miƙe ba?"

Na zare sandar daga hannunta. Na ja buhu na rufe teburin, na ce wa Gajere kada ya bar kowa ya taɓa, ko da limamin unguwa ne. Ban taɓa komawa gida da rana tsaka ba in ba rasuwa aka yi ba. Na bi lungu-lungu, na tsallaka katakon babban kwata, mutane suna gaishe ni ina ɗaga hannu kawai.

Na sami yarinyar a inuwar rumfar girki, ta miƙe ƙafa a tabarma, ta riƙe sanda da hannu biyu. Ta kafa haƙori a ɓawon ta ja shi dogo, ta tsotse shi tukuna kafin ta yar. Da ta gan ni ta sunkuyar da kai ta gyara mayafi.

"Sannu da zuwa, Baba."

Na amsa wa iska, kamar kullum. Idona yana jikin bango. A gindin bangon nan akwai wata tsaga da kiyashi suke fitowa, Amama ta yi shekaru tana yaƙi da su da toka da ruwan zafi. Tarin tuka da ɓawo yana daidai bakin tsagar, da zaƙinsa da komai, amma ba mai motsi ko ɗaya a kai.

Na shiga ɗaki na kira Amama.

"Lafiya, Malam? Da rana haka?"

"Raken nan, da ɓawonsa take sha?"

"Da me za ta sha? Kai ka ce mai magani ne."

"Maganin ƙwari, Amama. Fesawa ya yi a gona. Na kashe tsutsa."

Ta zauna a bakin gado a hankali. "Ba ka ce na ƙwari ba."

"Ban ce ba."

"Ka ce na Ziblim ne, mai magani ne, a ba yarinya. In Ziblim ya aiko da magani me zan ɗauka? Na tsaga na duba ciki, fari tas, ban ga komai ba. Na ce to a jikin ɓawon ya shafa. Har ta ce mini tana jin ɗaci-ɗaci a leɓe, na ce ai shi ne maganin, ki daure."

Ba wanda ya ɗaga murya. Muna jin matar ɗakin kusa tana dakan fufu, sakwarar rogo.

"Kada a gaya mata," in ji Amama. "Tsoro ma yana taɓa ciki. A ce raken ya ƙare."

Na yarda, don ko da ma ba ni da bakin gaya mata. Na kwashe sandunan da ke jikin duro. Na biya wurin Adisa na ce duk gidan da ta kai labarin farko ta koma ta kai na biyu. Ta dafe ƙirji, ta ɗaure zani, ta fita tun ban rufe baki ba.

Washegari da sassafe na hau motar Nsawam. Kwalbar nake so in gani, in karanta sunan da ke jiki. A tunanina in na kai wa likita suna, zai san abin yi.

Daga bakin titi akwai 'yar tafiya a ƙasa kafin a kai fadamar. Na sha zuwa. Abin da na ƙi jini a hanyar nan shi ne yanar gizo-gizo: da safe sai ka riƙe kara a gabanka kana kaɗewa, in ba haka ba fuskarka ta cika. Na tsinci kara don sabo. A gonakin rogo na farko na yi ta kaɗewa, raɓa na zuba mini a hannu. Ina shiga raken Ziblim sai karan ya zama kaya. Ba yana ko ɗaya tsakanin ganye. Ba kukan gyare. Na tsaya da silifa a tsakanin layuka, inda da ba ka isa ka tsaya ba cinnaka sun hau ka, na daɗe a tsaye ba abin da ya taɓa ni. Iska kaɗai ke kaɗa ganye. A magudanar da ke bin gefen gona na ga ɓawon ƙaguwa sun yi fari-fari a laka.

Na sami Ziblim zaune a kan kututture da adda a cinya. Ya gan ni, bai washe baki ba.

"Aboki, ka zo ka gani da ido. Ya lalace."

Ya miƙo mini ɗan rake na sabon shuka, wanda bai wuce ƙugu ba. Tsakiyar ganyen ta bushe. Ya tsaga da adda, sai ga tsutsa, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ya nuna da hannu har bakin kogi. "Duk wannan gefe haka."

"Ba ka fesa nan ba?"

"Na fesa! Nan ma na fi fesa."

Ya ba ni labari, zan faɗa da tawa Hausar. Malamin gona ya zo ya zagaya, ya tsuguna ya tona gindin rake, sai ya tambaye shi ina tururuwarsa. Ziblim ya ce ai sun mutu, an huta da cizo. Malamin ya ce masa tsutsar nan wani ƙwaro ne mai fiffike ke zuwa ya saka ƙwai a busasshen ganyen da ke manne da kara. Tururuwa da gizo-gizo su ne suke bin karan suna kwashe ƙwan, har da ƙananan tsutsotsi kafin su huda su shige. Wadda ta riga ta shige, magani ba ya samunta sosai, tana cikin ɗaki. Masu gadin ne a waje, su maganin ya samu. Muddin yana ta fesawa abin ya yi kyau. Da kwalba ta ƙare, ƙarfin maganin ya ragu, sai ƙwaron ya taso daga gonakin masara na maƙwabta ya tarar ba kowa a bakin ƙofa.

"Ni na kori mai gadi na," in ji Ziblim. "Da hannu na."

Sai na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya ajiye addar.

"Lailatu? Wanda yana zuwa nan ƙarami, yana kama ƙaguwa a kwano?"

Na ce ita.

"Da ɓawo?"

"Da ɓawo."

Ya riƙe kai da hannu biyu. "Wayyo, aboki. Ni na fesa kusa da yanka. Mai sayarwa ya ce in ka fesa kusa, kaya ya fi kyau a kasuwa. Na ce kowa yana kankare rake. Wa zai ci ɓawo?"

"Ina kwalbar?"

Ya shiga bukka ya fito da ita. Kwalbar lemo ce, an toshe bakin da totuwar masara. Ba takarda, ba rubutu sai na lemon. Akwai ɗan saura a gindi, ruwan ƙasa-ƙasa, mai wari kamar kananzir da aka gauraya da wani abu. Wani mutum ne yake yawo da shi a jarka ranar kasuwa, yana cewa maganin gonar koko ne, yana tsiyaya wa kowa a kwalbarsa. Ba wanda ya san sunan mutumin, kuma tun damina ba a sake ganinsa ba.

Ziblim ya rako ni har bakin titi. Da mota ta tsaya sai ya kama hannuna. "In ya haihu, ka aiko. Ko yaya ne, ka aiko."

Na iso gida bayan la'asar da kwalbar a naɗe cikin tsumma. Ina shiga idona ya sauka a gindin bango. An share tsohon tarin, amma ga sabuwar tuka jiƙaƙƙiya, da dogayen ɓawo. Amama ta fito daga ɗaki, ta bi idona da kallo, ta dafe baki. Ashe yarinyar ta daɗe tana ɓoye wasu sanduna a ƙarƙashin gado, gudun kada matan gida su roƙe. Da aka ce mata ya ƙare, sai ta ciro nata.

"Ki gaya mata," na ce.

"Ba zan iya ba, Malam. Ni na miƙa mata da hannuna. In na buɗe baki kuka zan yi, ta firgita."

Yarinyar tana zaune inda take zama kullum, da faifai a cinya tana tsintar shinkafa. Na tsaya a tsakar gida kamar baƙon da ya ɓata ƙofa. Matan haya suna ta harkokinsu, wannan tana shanya, waccan tana daka. Sai na tuɓe silifa, na taka tabarmar, na zauna a bakinta. Mai daka ta tsayar da taɓarya.

"Lailatu."

Sunan ya fito mini wani iri, kamar kalmar wani yare. Ta ɗago. Sai da ta waiga bayanta tukuna, ko wani ne ya yi magana.

"Baba? Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu."

"Ashe dai ka san sunana." Ta yi 'yar dariya, amma idonta yana kan tsumman da ke hannuna.

Na gaya mata duka, a hankali, yadda ake gaya wa babba magana. Na nuna mata kwalbar, na nuna mata tsagar bangon. Ba ta yi kuka ba. Ta ajiye faifan, ta ɗora tafin hannu a cikinta, ta karkata kai kamar mai sauraron magana daga wani ɗaki.

"Yana motsi," ta ce. "Tun safe yake shurina."

"Ke fa, kina jin wani abu a jikinki?"

"Kaina yakan sara wani lokaci. Leɓena yakan yi kauri in na sha da yawa. Na ɗauka aikin maganin ne." Ta kalle ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. "Na lura da kiyashin, Baba. Har na ce wa Mma, ko su ma sun san magani ne shi ya sa suka bar mini."

Ta dafa bango ta miƙe, ta shiga ɗaki, ta fito da sauran sandunan ta ajiye a gabana.

Da safe muka tafi asibitin mata, mu uku. Ni kaɗai ne namiji a kan benci, matan wurin suna satar kallona suna magana ƙasa-ƙasa. Ungozomar dattijuwa ce 'yar ƙabilar Ga, tana da Hausarta ta kasuwa. Ta zare totuwar, ta shaƙa daga nesa, ta yamutsa fuska ta mayar. Ta tambaya tun yaushe, Amama ta ce tun bayan ƙaramar Sallah. Ta shiga da Lailatu bayan labule. Na zauna ina kallon wata yanar gizo-gizo a kusurwar silin, ina jan carbi ban san inda na tsaya ba.

Da ungozomar ta fito ta ce, "Papa, zo." Ta ce ta sa ƙahon sauraro, zuciyar yaro tana bugawa da ƙarfi, girmansa daidai da watanninsa. Jinin uwar ya ɗan yi ƙasa, amma haka na yawancin masu zuwa wurin yake.

"To ya taɓa shi ko bai taɓa ba?"

"Papa, ba zan yi maka ƙarya ba. Wannan kwalba ba suna. Maganin gona iri-iri ne. Wani yana fita jiki da sauri, wani yana zama. Ba mu da abin gwadawa a nan. Zan ba likita, in yana da inda zai aika. Abin da na sani, ta daina, ta ci abinci, ta riƙa zuwa ina saurare. Kuma a nan za ta haihu, ba a gida ba."

Amama, wadda duk 'ya'yanta a ɗaki ta haife su, ta gyaɗa kai ba musu. Muna fita ungozomar ta bi ni da kallo. "Kai mijin ne ko uban?"

"Uban."

"Yau na ga abu. Bahaushe ya kawo 'yarsa awo."

Lailatu ta rufe baki da mayafi tana dariya har bakin ƙofa.

Sauran raken na rasa inda zan kai shi. In na zubar a kwata yara su tsince, in na bari a juji akuyoyin unguwa su ci. Ni da Gajere muka loda shi a baro muka kai wani kango, muka haƙa rami mai zurfi muka binne. Gajere ya share gumi ya ce shi dai ya halarci jana'iza iri-iri a Nima, amma ta rake sai yau, kuma ba a ko raba shinkafa ba. Mas'udu da ya dawo daga Tamale ni na gaya masa da kaina. Ya daɗe zaune yana murza makullin mota, sannan ya shiga wurin matarsa.

Yanzu wurin wani tsoho mai suna Seidu nake karɓar rake, wanda bai taɓa riƙe famfon feshi ba. Kayansa ba su da kyawun na Ziblim. A kowane dami sai na yar da wasu gaɓoɓi masu ja a ciki, layin mata kuma ya watse. Amma in na saki igiya sai in ja da baya, cinnaka su watso, gizo-gizo ya bi ta kan ƙafata, in ji wani sanyi a raina. Gajere ya ce ma'aikatana sun janye yajin aiki.

Kwaɗayin raken bai bar Lailatu ba. Kafin in kai mata, sai in kankari ɗan ɓawo in ajiye a bakin ramin tururuwa a ƙarƙashin tebur tun da safe. In la'asar ta yi suna nan suna ja suna kaiwa da ƙafafunsu, sai in kankare sandar da kyau, in wanke, in yanka mata da hannuna. Na san wannan ba gwajin likita ba ne, amma shi nake da shi. A gida ma kiyashi sun fara leƙowa daga tsagar bango, kuma ban ƙara ganin Amama ta ɗora musu ruwan zafi ba. Ba na jingina rake jikin duro yanzu. Har tabarma nake kaiwa, in ce, "Lailatu, ya jikin?" Ta ce, "Yana shuri, Baba."

Ziblim ya aiko da direba cewa ya sare gefen kogin nan ya ƙone. Tururuwa ba su dawo ba tukuna, malamin gona kuma ya ce ba zai iya cewa ga lokacin da za su dawo ba.

Watan haihuwar Lailatu ya kama. An haɗa kayan haihuwa a kwando, suna bakin ƙofa. Na koma asibitin na tambaya, aka ce kwalbar tana wurin likita, ba a sami inda za a gwada ba. Har yau ba mu san sunan abin da ke cikinta ba. Ba mu san yawan abin da ya shiga jikin Lailatu ba, kuma ba mu san ko ya kai ga yaron ba. Ungozoma ta ce ko an haife shi lafiya, wani abin sai yaro ya fara tafiya da magana ake ganewa.